Me mai shago zai koya wajen masu wasa a bakin titi?

Wani ƙanenmu ne ya turo min tambaya, yace wata 4 kenan da ya buɗe ɗan shagon kayan waya a wajen Terminus a Jos, caja, iyafis, gilashin waya da su fawabank, mutane na wucewa ta gabanshi kamar ruwa amma sai ya wuni bai yi cinikin kirki ba, ga shi yace jarinshi kaɗan ne. Da ya kai kuka wajen kawunshi sai kawun yace mishi ya rufe shagon na rana ɗaya yaje tasha ya kalli masu wasa da biri da masu tallan magani, shi kuma abun ya ɓata mishi rai yana ganin kamar raini ne, shine yake tambaya wai da gaske akwai abun da ɗan kasuwa zai koya wajen waɗannan mutanen?

Toh ƙanena, wallahi kawunka bai raina ka ba, shawara ya baka mai tsada. Ni kafin in kama shago sai da nayi kusan shekara 3 ina bin wani mai tallan magani da muke kira Oga, da yake yawo da birai biyu da akwatin maciji, nine mai ɗaukar ganga nine kuma mai zagayawa da faranti, mun ci kasuwar Mangu ranar Juma'a, mun yi Bukuru, tashar Bauchi Road kuwa ban san adadi ba. Bayan nan na haura shekara 20 ina saye da sayarwa a cikin garin nan, kuma mafi yawan abun da na sani game da kwastoma a wancan fagen na koyo shi.

Abun da ya raba ka da mai wasa shine, shi tun kafin ya fito ya riga ya sani cewa babu mutum ɗaya da ya baro gidanshi dan shi. Kowa da inda zashi, kowa da abun da ya dame shi, dan haka aikinshi na farko shine ya tsayar da ƙafar wanda bai yi niyyar tsayawa ba. Kai kuma ka zuba kaya ka shige ciki ka zauna kana danna waya kana jiran wanda ya fito takanas dan neman caja, alhali irin waɗannan a rana basu da yawa, kuma ku nawa ne masu sayar da caja a layin?

In mun sauka a gari Oga baya fara taɓa ganga. Sai yaje ya gaida shugabannin tasha tukuna ya nemi izini, sannan ya samu bencin mai shayi ya zauna, wani lokacin awa guda cur, yana kallon mutane kawai. Da farko na ɗauka hutawa yake, sai wata rana yake nuna min da baki yace kalli waɗancan, kasuwa zasu shiga, kuɗin aljihunsu kowane kwabo da abun da aka ware mishi, ko kura ka ɗaure musu a hanya kewaye ta zasu yi su wuce. Waɗancan kuma sun gama sayayya suna jiran mota ta cika, zaman ya ishe su ga canji a aljihu, sune namu. Sannan yana son bango ko wata babbar mota a bayanshi dan kar murya ta ɓata a iska, baya yarda rana ta daki idon masu kallo gara ta dake shi, kuma baya kafa fage kusa da mai lasifikar da ta fi tashi ƙara.

Akwai wani gwaji da jaridar Washington Post tayi a Amurka ranar 12 ga Janairu 2007 wanda duk sanda na tuna shi sai in tuna Oga. Sun ɗauko Joshua Bell, ɗaya daga cikin manyan masu kiɗan gogen Turawa na duniya, mutumin da ake biyan kuɗi masu yawa kafin a shiga zauren da zai yi kiɗa, suka sa shi ya saka hular hana sallah ya tsaya a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Washington da sassafe lokacin da ma'aikata ke rige rigen zuwa ofis. Yayi kiɗa na kamar minti 43 da gogen da kuɗinshi ya kai dala miliyan 3 da rabi, mutum 1,097 suka wuce ta gabanshi, 7 kacal suka tsaya saurare, abun da ya tashi dashi dala 32 da 'yan canji. Iyawa kam babu wanda zai ce bai iya ba, amma an tsayar dashi a gaban masu sauri. Da Oga aka tambaya da tun farko zai ce ba nan ba, kuma ba yanzu ba.

Dan haka yawan masu wucewa da kake gani a Terminus kar ya ruɗe ka. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a Fabrairun 2002 'yan kasuwa suka bazu a bakin titunan wajen, kowa na neman idon mutum ɗaya, mai wucewa ya saba da kauda kai. Ka zauna da biro da takarda kwana 3 ka rubuta, ƙarfe nawa suke sauri, ƙarfe nawa suke tafiya a hankali, ta wane gefe masu jiran keke suke taruwa, teburinka yana kallon masu shiga kasuwa ne ko masu fitowa. Wani lokacin juya tebur kawai ko matsar dashi taku biyar yana canza cinikin wuni, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Sai kuma haɗa taro, nan ne gwanintar take. Babba baya son ya zama shine na farkon tsayawa, kunya yake ji kar a ce dattijo dashi ya tsaya kallon biri, amma in ya tarar da mutum 10 a tsaye to shi na 11 ne kawai, babu mai kallonshi. Oga ya san haka, shi yasa da yara yake farawa. Zai sa wa biri 'yar riga ya ɗora shi a kan akwati, ni kuma in riƙa taɓa ganga a hankali, babu wani wasa da aka fara, yara su taru, ya ɗauki sanda ya zana da'ira a ƙasa yace kowa ya zauna a bayan layi, ya sa su tafi da ihu. Ihun yaran nan shi ke jawo matasa, matasa su zama bango, mai wucewa yaga bayan mutane baya ganin abun da ke ciki dole ya leƙa. A Maroko a dandalin Jemaa el-Fna na birnin Marakesh, wanda UNESCO ta ayyana cikin al'adun gado na duniya a 2001, masu tatsuniya da masu wasa da maciji halƙa suke kiran wannan da'irar, kalmar da mu ma muka sani a wajen karatu, kaga abun ba na garinmu kaɗai bane.

Shago babu kowa a gaba tsoro yake ba mai saye, yana tunanin in na tsaya duk idonshi a kaina zai kasance, in na taya ban saya ba zai ji haushi. To ka cire mishi wannan tsoron. Aikin da kake yi a ciki ka fito dashi waje, in zaka manna wa waya gilashi ka manna a kan teburin gaba inda kowa zai ga yadda kake goge fuskar wayar kana korar iska, mutane na son kallon mai aiki da hannu. Ka ajiye benci ɗaya, ka ajiye soket, wanda cajinshi ya ƙare ya jona na minti 10 kyauta. Wutar da zai ci bata kai komai ba amma ya zauna maka a gaban shago, kuma shi da kanshi yaga wayarshi ta ɗauki caji da sauri da irin cajar da kake sayarwa. Mai tsire da yake yanko maka ɗanɗano abun da yake yi kenan, gani ya kori ji.

Yanzu ga wanda nafi so ka riƙe, dan anan ne na ga masu sana'a da yawa suna zubar da wahalarsu, wato lokacin neman kuɗi. Oga baya taɓa gama wasa sannan ya nemi kuɗi, ko sau ɗaya. Tun farkon wasa zai riƙa nuna akwatin nan yana cewa gamsheƙa na ciki, zai je kamar zai buɗe ya fasa, biri yayi tsalle, ayi dariya, ya sake komawa kan akwatin ya ɗaga murfin kaɗan ya mayar. Sai lokacin da taro ya cika maƙil kowa ya miƙa wuya, sai ya ɗaga min hannu in tsayar da ganga ɗif, yace jama'a yanzu zan buɗe, amma kafin nan yaron nan zai zagaya, mai 5 ya bada 5, mai 10 ya bada 10, wanda bashi da shi ya tsaya ya kalla addu'arshi ma ta ishe mu. Dalili kuwa ya sani sarai in macijin ya fito aka ganshi, kafin a mayar dashi akwati rabin mutanen nan sun watse, kowa ya tuna da motarshi. Ka lura kuma baya cewa a bada abun da ya sauwaƙa ya yi shiru, yana faɗin adadi da bakinshi, dan mutum in bai san nawa ya dace ya bayar ba sai yaji tsoron kar ya bada kaɗan a raina shi, ƙarshe ya fasa gaba ɗaya.

Ni lokacin da na fara, kunya ce take cina, sai in wuce da farantin da sauri kaina a ƙasa. Ranar nan Oga ya jawo ni gefe yace kai bara muke yi ko aiki muka yi musu? Nace aiki. Yace to in aiki ne ka ɗaga kai, ka tsaya a gaban mutum ka kalle shi ka ƙirga biyu a zuciyarka kafin ka matsa. Daga ranar abun da nake tarawa ya canza, da mutanen nan dai, da wasan nan dai. Har yau in ina koya wa yaro tsaron shago sai na gaya mishi wannan maganar.

A shagonka wannan lokacin shine sanda kwastoma ya jona caja yaga waya ta kawo haske, ko ya saka iyafis a kunne ka ga ya ɗan gyaɗa kai. A nan take zaka faɗi kuɗin da murya a sake kace in sa maka a leda? Kar ka bari ya cire ya miƙo maka ya fara kallon titi sannan ka fara inda inda. Masu talla a WhatsApp da TikTok ma wannan ciwon ne yake damunsu, mutum zai ɓata awa yana ɗaukar bidiyo mai kyau, mutane su kalla su yaba, amma babu farashi babu inda shagon yake, wai a biyo shi ta bayan fage a ji kuɗin. Ai ka buɗe akwati kenan ka bar taro ya watse. Sannan hanyar biya ta zama a kusa, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 na ga wani mai gurmi a bakin tasha ya rubuta lambar asusunshi ɓaro ɓaro a jikin kwali ya jingina a gabanshi, a Landan ma tun 2018 aka fara ba masu kiɗan titi 'yar na'urar karɓar kati. Kai ma lambar transfa ta kasance a manne inda ido zai gani, ba sai an tambaya ka fara laluben waya ba.

Wani abun da mai kallo baya lura dashi, kuɗin faranti ba shine cinikin ba, da ƙyar yake biyan mota da abincinmu da na dabbobin. Ainihin kuɗin yana cikin ƙullin maganin da ake fitowa dashi bayan an ga maciji. Biri aikinshi tara mutane ne. Kai ma ka zauna ka raba kayanka, wanne ne biri wanne ne magani. Wataƙila igiyar caji mai araha ce ko manna gilashi yake tsayar da mutum ribarshi kaɗan, fawabank da sifika su ne masu ribar, to mai arahar shi zaka rataye a gaba da farashinshi a rubuce, mai tsadar kuma yana kusa da hannunka. Da yawa suna yin akasin haka, su jera masu tsada a gaba dan shago yayi kyau sai talaka ya hango daga nesa yace nan ba wajena bane.

Kuma ban taɓa jin Oga ya zagi wanda ya kalla bai biya ba, alhali sune suka fi yawa nesa ba kusa ba. Cewa yake su ne katangar, ba dan su ba masu biyan ma ba zasu tsaya ba. Wannan ya zauna min a rai sosai, dan ina ganin yaran shago yanzu mutum ya taya kaya bai saya ba sai a ɗaure fuska a fizge kayan, wani har da tsaki. Wanda ya taya yau ya san farashinka ya san fuskarka, ranar da cajarshi ta ƙone kai zai fara tunawa in ka sallame shi da fara'a, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Ga garinmu kuma kowa da kowa ne, Oga in yaga taron ya gauraya sai ya juya zuwa buroka ya dawo Hausa, ya jefa gaisuwa da yaren mutanen wajen, nan da nan kaga fuska ta saki. A rana muna iya buɗe fage sau 4 ko 5, zancen da bai ba mutane dariya da safe ba baya kaiwa la'asar, ya yar dashi ya gwada wani. Kai wata 4 kenan jerin kayanka iri ɗaya ne ko ka taɓa canzawa?

Maganar jari kuma da naji kana cewa naka kaɗan ne, ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukuru, wanda ya rasu a 2015. Kuntigi ne kayan aikinshi, tsirkiya ɗaya tal, shi kaɗai ba tawagar makaɗa, kuma a lokacin da aka saba mawaƙi ya nufi fada ko gidan attajiri shi sai ya yi wa karen mota waƙa, ya waiwayi mutanen da babu mai waiwayarsu, da wannan ɗan kuntigin ya zaga ƙasashen duniya. A Kanada ma kamfanin wasannin nan Cirque du Soleil da aka kafa a 1984, Guy Laliberté, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, a titi ya fara yana wasa da wuta a jihar Kebek. Ka duba layinku ka ga su waye babu mai kula su, wataƙila masu keke ne da wayarsu ke mutuwa a kan hanya, wataƙila iyayenmu mata masu ƙaramar waya da ake yi wa kallon basu da kuɗi.

Amma fa akwai abun da bana so ka ɗauko a wajensu, kuma shine ya raba ni da Oga. Akwai ranakun da yake saka mutum a cikin taro, namu ne, sai ana tsakiyar talla ya fito yana rantsuwa wai bara ya sayi maganin nan ciwon da ya shekara yana fama dashi ya tafi. Ƙulli ɗaya a ce yana maganin basir da shawara da ciwon baya da sanyi, babu lambar NAFDAC babu awo, kuma ina kallon tsofaffi suna kwance bakin zani suna bada kuɗin motarsu. Abun ya riƙa hana ni barci har na ajiye gangar. Dabbobin ma ana wahalar dasu, duka da yunwa ake horar da birin nan, wannan ma haƙƙi ne. Bayan haramcin abun, ka gane dalilin da yasa ƙaryar take yi mishi aiki, shi gobe yana wani gari, wanda ya cuta ba zai sake ganinshi ba sai bayan watanni in ma ya ganshi. Kai gobe kana nan, jibi kana nan, wanda ka sayar wa jabun caja kace orijina ce ya san ƙofarka kuma yana da baki, a Jos kuwa labari baya kwana. In kaya mai araha ne ka faɗa mishi mai araha ne zai yi wata kaza, ga mai kyan kuma kuɗinshi kaza, ya zaɓa da kanshi.

Na biyun shine rashin ajiya. Abun da aka samu yau a yau yake ƙarewa, babu littafi babu adashe, ga damunar Jos in ta zauna a Yuli da Agusta sai ayi kwana biyu uku ba'a buɗe fage ba, lokacin zaka ga mutumin da ya tara ɗaruruwan mutane jiya yana neman bashin abinci. Oga da duk basirar nan tashi haka ya tsufa babu ko rumfa, abun na bani tausayi har yanzu. Kai ka ware uwar kuɗi daban riba daban tun daga yau, ka rubuta ko naira 100 ce ta fita.

Kaje ɗin kamar yadda kawu yace, amma ba sai ka rufe shago wuni guda ba, awa 2 ta isa, ka samu ranar da tasha ke cika. Kar ka shiga gaba, ka tsaya can baya inda zaka ga fuskokin mutane, dan su zaka kalla ba birin ba. Ka duba agogo minti nawa ya ɗauka kafin mutum 10 na farko su tsaya, me ya faɗa sanda wasu suka fara zamewa har suka dawo, a daidai ina ya nemi kuɗi kuma da wace kalma. Wayarka da kuɗinka su kasance a aljihun gaba dan irin wannan taron baya rasa masu yankan aljihu, in faranti yazo gabanka kuma ka saka wani abu. In ka dawo ka turo min abun da ka rubuta tare da lissafin kwana ukun nan na gaban shagonka, sai mu duba inda ya kamata teburin ya koma.